Tagar Tsallaken Layi

Faɗin layin bai wuce taku goma sha biyu ba, amma Quah Teik Sin ya shekara talatin da ɗaya bai tsallaka shi ba. Idan yana son kofi, sai ya bar shagon gidan Yeap da ke kallon ƙofarsa, ya zaga har bakin kasuwa ya sayi wanda bai kama ƙafar nasu ba. Duk mazauna wannan lungu na Penang a ƙasar Malesiya sun san haka, kuma tuni aka daina tambaya. Shi ya sa da safiyar ranar da Yeap Chin Aun ya cika kwana arba'in da tara da rasuwa, da aka ga Teik Sin ya fito sanye da farar riga ya doshi shagon, tsofaffin da ke naɗe kuɗin takarda da ake ƙona wa mamaci suka tsayar da hannu suna kallonsa.

An fitar da tebura an jingine. A tsakiyar shagon ga gidan takarda da za a ƙona wa Aun da ƙarfe sha ɗaya daidai, domin ya same shi can inda ya tafi: bene hawa biyu da ya fi mutum tsawo, da mota a gaba, da bayi biyu na takarda a bakin ƙofa. Teik Sin bai damu da waɗannan ba. Abin da ya hango daga tagarsa tun wayewar gari shi ne abin da aka ajiye a ɗakin saman gidan takardar. Kaset ne na gaske, baƙi, an manna masa farar takarda.

Gaik Suan, yayar mamacin, tana tsaye bayan kanta tana ƙirga tsinken turare. Ta haura sittin, gajera, kuma bakinta ya fi ruwan kofinta zafi.

"Ah Ci," in ji Teik Sin, yana kiranta da sunan girman da yake kiranta da shi tun suna yara. "Na zo ta'aziyya."

Ba ta ɗago ba. "Ƙanina ɗaya ne, kuma yana cikin tulun toka. Nemi wata ka kira Ah Ci."

"Na san na makara."

"Da aka fito da akwatinsa ta nan aka bi, ta ƙarƙashin tagarka. Ko ka yi tafiya ne?"

Ya kunna turare uku ya sunkuya gaban hoton Aun, amma idonsa na satar kallon gidan takardar, kuma Suan ta gani.

"In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi," ta ce wa tsofaffin, ba shi ba. Sannan ta juyo. "Faɗi abin da ya kawo ka, ina da aiki."

Abin da ya kawo shi tsohon labari ne. A shekarar 1986, suna 'yan shekara sha shida, kawun Aun da ke aikin jirgin ruwa ya kawo masa kwamfuta irin ta lokacin, wadda ake jona wa talabijin, ana ɗora mata wasa daga kaset kamar na waƙa. Su biyu suka rufe kansu a ɗakin saman shagon wata takwas, suka ƙera wasan kansu. Aun ke rubuta lissafin da ke motsa komai. Teik Sin ke zane a takarda mai gida-gida, yana cike kowane gida da fensir, sannan ya karanto lambobi Aun na bugawa. Sun sa masa suna 'Yan Lungu. Fuskar gidajen layinsu ce a talabijin, 'yan daba na leƙowa ta tagogi da bindiga, kai kuma ka kai saiti ka harbe su kafin su harbe ka. Wani lokaci wata mace kan gifta da faranti ɗauke da kofi, in ka kuskure ka harbe ta wasa ya ƙare. Suan ce wannan, kuma ta yi kwana biyu tana masifar an yi mata ƙaton kai. A can ƙarshe sai uban daba ya fito, mai ɗigo ɗaya rawaya a baki.

Duk layin sun san mai wannan haƙori. Mahaifin Teik Sin ne, wanda ake kira Haƙorin Gwal, shugaban 'yan dabar unguwar na gaske. Teik Sin da hannunsa ya zana shi, kuma babu abin da ya fi yi masa daɗi a duniya irin ya dawo gida da shatin bel a baya, washegari ya hau ɗakin Aun ya harbe tsohon sau goma.

Yanzu Teik Sin mai gyaran esi ne, da sanƙo da tabarau. Duk Lahadin farkon wata yakan je wani ɗaki a saman shagon kekuna, inda magidanta masu furfura ke haɗuwa da tsofaffin kwamfutocinsu suna tuna ƙuruciya. Suna tattara wasannin da aka yi a ƙasar nan waɗanda suka ɓace. Shekara shida yana ba su labarin 'Yan Lungu, shekara shida suna yi masa dariya. "Kawu Quah, yau ma a baki za mu buga wasan naka?" Haka suke tarbarsa. Ba wanda ya taɓa ganin wasan, kuma ba shi da ko takardar zane ɗaya da zai nuna. Wannan dariya tana cin ransa fiye da yadda yake nunawa, domin in aka cire waɗancan wata takwas, bai san wani abu da ya taɓa yi wanda ya cancanci a tuna ba.

"Minti tara kawai nake roƙo," ya ce wa Suan. "In kunna kaset ɗin, in ɗauki sautinsa a waya. Daga nan ki ƙona abinki, ba abin da zai ragu. Shi kaɗai ya rage a duniya, Ah Ci. In ya ƙone shi ke nan."

"Ai shi ya sa zan ƙona. Mai shi na jiransa."

"Rabinsa aikina ne. Ni na zana komai a ciki."

Suan ta ajiye turaren da ke hannunta a hankali.

"Maimaita," ta ce. "Kunnena ya fara nauyi. Wa ya zana?"

Wannan ita ce tambayar da mahaifin Teik Sin ya yi masa shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Bakinsa ne ya ja, ya riƙa gayyato yaran layi su zo su ga ana harbin Haƙorin Gwal, har zancen ya isa kunnen mai haƙorin. Tsohon ya shaƙe masa wuyan riga ya ce, wa ya zana ni? Teik Sin ya ce Aun ne. Yaran tsohon su uku suka tsallaka layin da rana tsaka, suka sauko da Aun, suka ɗora hannunsa na dama a kan teburin dutse na ƙofar shago, suka sauke masa kujerar katako sau biyu. Teik Sin na kallo daga tagar saman gidansu. Da Aun ya ɗaga kai suka haɗa ido, sai ya jawo murfin tagar ya rufe. Idan yana ba da labarin a saman shagon kekuna, a nan yakan ce 'yan dabar sun ji haushi sun fasa talabijin, a yi dariya, ya wuce.

"Ni na zana," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To, madalla. Kun dai ji, ko?" Ta dubi tsofaffin. "Ya tuna. Ubansa ya shekara ashirin a ƙasa, yanzu ya tuna." Ta zagayo ta miƙa hannu cikin gidan takardar ta ɗauko kaset ɗin. Ta dubi agogon bango, ƙarfe goma da minti biyar. Wani abu ya gifta a fuskarta wanda Teik Sin ya ɗauka sassauci ne. Wauta ce ta sa ya ɗauka haka.

"Zan bari ka kwafa," ta ce. "Amma sai ka ɗora shi ka buga a gabana har ƙarshe tukuna. Ba za ka ɗauki abin ƙanina ka kai wa abokan shiriritarka ba tare da ka ga abin da ka ɗauka ba. Sha ɗaya saura biyar zan karɓi kayana, ko ka gama ko ba ka gama ba."

Matattakalar tana nan yadda ya san ta, har da ta bakwai mai ƙara. Ɗakin ma bai sauya ba, sai dai ƙanƙanta da ya yi a idonsa. Ga kwamfutar a kan tebur gaban taga, harufan madannanta na gefen hagu sun goge tas, na dama kuwa kamar sababbi. Bai bari idonsa ya daɗe a kansu ba. Ga rikoda, ga ƙaramar talabijin, ga kwalin takalmi cike da takardu masu gida-gida. Ta tagar ana ganin gidansa sarai, da farar motar aikinsa mai tsani a sama.

"A nan yake wuni?" ya tambaya, don dai ya ce wani abu.

"A'a, rawa yake zuwa. Ka taɓa ganin mai yatsu biyu sandararru ya riƙe farantin kofi? Zauna ka yi abin da ya kawo ka."

Ya mayar da kaset ɗin farko, ya buga umarnin ɗorawa, yatsunsa suka tuna da kansu. Rikodar ta fara wannan kuka mai tsinin nan, gefen talabijin ya cika da ratsin launi masu rawa. Ya shekara talatin bai ji wannan sauti daga wannan kaset ba, sai ga shi yana jin ƙanshin man gashin Aun da na soyayyiyar taliyar da suke ci a takarda suna jira. A da can ba sa magana idan wasa na hawa, ba sa ko taka ƙasa da ƙarfi, sun yi imani tari ma na iya ɓata shi. Suan kuwa ta jawo kujera da ƙara ta zauna a bayansa tana fifita da jarida.

A minti na bakwai ratsin suka tsaya, rubutun kuskure ya fito a ƙasa.

"Ka ga, ko shi bai son ganinka," in ji Suan.

A jikin rikodar akwai ɗan siririn sukudireba ɗaure da jan zare, kuma Teik Sin ya san aikinsa. Ya mayar da kaset, ya kunna, ya zura sukudireban a ƙaramar hudar da ke saman murfi, ya kara kunne yana murɗa sukurun da ke ciki kaɗan-kaɗan har sautin ya tashi daga dishi-dishi ya fito garau. Aun ne ya koya masa wannan, yana cewa kunne ake sa wa, ba ido ba. Ya sake mayarwa farko. Daga ƙasa an fara jin ƙararrawar malamin haikali da muryarsa yana jan addu'a. Gumi ya jiƙa farar rigar. Ya zura wa ratsin ido minti tara cur, yana roƙon duk wanda ke saurare.

Goma da rabi saura kaɗan layinsu ya bayyana a talabijin.

Sai da ya cire tabarau ya goge. Ga shi nan, ba a baki ba. Ga shagon Yeap da labulen gora, ga gidan mai wanki da aka rushe tun tuni, ga fitilar kan kwana. Duk ɗigon da ke cikin hoton nan shi ya ƙirga gidansa a takarda da fensir. Ɗan daban farko ya leƙo da hularsa a karkace, Teik Sin ya kai saiti ya harba, mutumin ya faɗo da wannan ƙara mai kama da kukan kaza. Dariya ta kuɓuce masa. Ya harbe na biyu, ya harbe na uku. Mace mai faranti ta gifto da ƙaton kanta, ya ɗage yatsa ta wuce.

"Kin gan ki nan, Ah Ci."

"Na gani. Ci gaba."

Ya ci mataki na farko, ya ci na biyu, yana ji kamar an sauke masa shekaru daga kafaɗa. Har ya fara tsara yadda zai shiga ɗakin saman shagon kekuna ranar Lahadi, ya ajiye waya a kan tebur bai ce komai ba, ya bar su su haɗiye dariyarsu. A mataki na huɗu Haƙorin Gwal ya fito a tagar tsakiya da ɗigonsa rawaya. Harbi biyar yake ɗauka, Teik Sin bai manta ba. Ya ba shi biyar ɗin ba tare da ya ji komai ba, tsohon ya faɗo.

Ya janye hannu. "Ƙarshensa ke nan. Sai a kwafa."

"Wa ya ce maka ƙarshensa ke nan?"

Hoton ya juya. Wannan ba zanensa ba ne. Gida ɗaya ne tak ya cika talabijin, ana kallonsa daga tsallake, daga daidai inda yake zaune. A ƙofar gidan ga farar mota da tsani a sama. Motar nan shekararta huɗu kacal a hannunsa. Tagar sama ta buɗe, wani ya leƙo: yaro siriri mai gashi a tsaye, ba bindiga a hannunsa. Yatsan Teik Sin ya kai saiti da kansa, amma kafin ya isa yaron ya jawo murfin taga ya rufe. Harsashin ya bugi katako.

Tagar ta sake buɗewa. Wannan karon saurayi ne mai gashin baki. Ya duba, ya rufe. Ta sake buɗewa, magidanci mai tumbi da shuɗiyar rigar aiki. Ta sake, ga tabarau. Ta sake, ga sanƙo, an bar masa gashi gida uku-uku a kowane gefe. An zana su da haƙuri, sun fi duk abin da Teik Sin ya taɓa zanawa kyau, kuma kowannensu abu ɗaya yake yi.

"Duk bayan shekara biyar yake ƙara sabo," in ji Suan daga bayansa. Ta daina fifita. "Da hannun hagu. Na ƙarshen nan wata uku ya ɗauke shi, yana tari yana zane. Harbe shi mana."

"Ba ya harbuwa."

"Gwada dai. Ai kai gwani ne, yanzu ka kashe ubanka."

Ya gwada. Ya ajiye saitin a kan tagar tun kafin ta buɗe, ya danna da zarar ta motsa. Katako. Ya sake. Katako. Makin da ke saman hoton bai ƙaru ba, bai ragu ba. Mutumin ba ya harbi, ba ya mutuwa, wasan kuma ba ya ƙarewa.

"Na taɓa ce masa, in haushinsa kake ji, ka yi yadda za ka riƙa fasa masa kai ka huce," ta ce. "Ya ce a'a. Ya ce shi ba ya ƙara wa mutum abin da ba shi da shi. Wai 'yan daba ko ba komai suna tsayawa a harbe su." Muryarta ta dushe. "Kullum bayan ya ci abincin rana sai ya ɗora wannan abu, ya zauna minti tara yana jira, ya kashe duk waɗancan don kawai ya iso nan. Sai ya saki madannan ya zauna yana kallo. Ba harbi yake ba. Na daɗe ban gane ba, ina ce masa mahaukaci. Jira yake ko wata rana za ka tsallako ka ce ya gyara."

Teik Sin ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya so ya ce yaro ne shi a lokacin, ya so ya ce ba ta san nauyin hannun ubansa ba. Duka gaskiya ne, amma mai sanƙon da ke buɗe taga yana rufewa ba yaro ba ne, kuma ba shi da uba.

Suan ta tashi ta fitar da kaset ɗin daga rikoda, ta zura fensir a hudarsa ta mayar da zaren farko da hannunta, ta mayar da shi ciki ta rufe murfi. Ta dubi agogon hannunta.

"Sha ɗaya saura kwata. Kana da minti goma, tara kake buƙata. Fito da wayar." Ta tura rikodar gabansa. "Kwafa. Ka kai musu ranar Lahadi su buga har ƙarshe. In sun tambaye ka wane ne mai sanƙon, ka ba su labari, ai an ce ka iya ba da labari."

Ya fito da wayar. Ya ajiye ta kusa da rikodar. Abin da ya shekara shida yana mafarki ga shi nan, dannawa ɗaya ya rage. Ya hango fuskokinsu a ɗakin saman shagon kekuna, sun taru a bayan mai bugawa, an kashe Haƙorin Gwal ana tafi, sannan hoton ya juya. Waɗannan mutane ba sa barin wasa sai sun ga ƙarshensa, har cikinsa suke buɗewa su karanta. Za su ga motar. Za su juyo su dube shi.

Minti ɗaya ya wuce. Daga ƙasa wata tsohuwa ta kira Suan, an fara fitar da gidan takarda.

Teik Sin ya mayar da wayar aljihu. Ya buɗe rikodar ya ciro kaset ɗin, ya miƙa mata da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Nasa ne," ya ce. "Gara ya tafi masa shi kaɗai. Bai dace a ce akwai wani a nan ba."

Suan ta daɗe tana kallonsa kafin ta karɓa. Ba ta yi mamaki ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

"Ka iya gyara magana," ta ce. Ta nuna talabijin da haɓa, inda tagar ta buɗe, mai sanƙo ya leƙo, ya jawo murfi. "Aun bai yi kuskuren ɗigo ko ɗaya ba da ya zana ka."

Ta zare wayar wutar kwamfutar daga bango, hoton ya mutu.

Ƙarfe sha ɗaya daidai aka cinna wa gidan takarda wuta a filin bayan haikali. Suan ta sa kaset ɗin a ɗakin sama da hannunta, ta haɗa da ɗan sukudireban mai jan zare, don kada wasan ya ƙi hawa a can. Takarda ta tashi nan take, robar kaset ɗin kuwa ta daɗe tana narkewa da baƙin hayaƙi mai wari. 'Yan uwa suka zagaye wutar suna kiran sunan Aun ya zo ya karɓi kayansa. Teik Sin ba ya cikinsu, amma daga filin ana hango bayan gidansa. Da Suan ta ɗaga kai, tagar saman tana buɗe, ta tsaya tana kallonta ba ta ƙifta ba har aka jawo murfin.